Ka Gaya Musu Kana da Ciwon Sukari

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina yi maka barka da isa, da fatan rairayin hanyar Hawandawaki bai karya maka ƙugu a bayan moto, wato babur, ba. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma suna gaishe ka. Allah ya tsare ka a ƙauyen da aka kai ka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka fara koyarwarka a sa'a.

Gaisuwa ta tsaya nan, don raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Da na kira ka a waya na san abin da za ka yi. Da ka ji na ɗauko maganar sai ka ce, "Baba, rezo babu," wai layi ba ya kamawa, ka kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta da wannan karkataccen rubutun nawa na yaƙi da jahilci. Ka karanta har ƙarshe, ko da za ka yi tsaki a kowane layi.

Innarka ta gaya mini abin da ka ce mata a bakin ƙofa ranar da za ka tafi. Kada ka ga laifinta, ta yi ta juya maganar a cikinta har tuwo ya gagare ta ci, sai da na matsa mata. Ta ce ka ce, "Inna, don Allah kada ki bari kowa shi ji. Can ba wanda ya san ni, ina so in zamna kamar kowa." Kamar kowa! Kai da likitan Tasawa ya auna jininka a gabana, ya ce ciwon sukari ne irin nawa, ya ɗora ka a kan allura safe da yamma, kai ne za ka je garin da ba ka da kowa ka zauna kamar kowa? Ka wuce ni a zaure ina zaune da sandunana, ka durƙusa ka gaishe ni, ka ga inda wandona yake a naɗe, amma duk da haka wannan shawara ka yanke. Wallahi da ina iya tashi da sauri a ranar, da ba ka hau moton nan ba sai mun yi ta.

Ka yi karatu, ka fi ni sanin sunan ciwon da Faransanci. Amma ni na fi ka sanin yadda yake cin mutum, kuma ba a asibiti ya ci ni ba, a cikin mutane ya ci ni, ina murmushi ina cewa lafiya lau.

Lokacin da abin ya fara mini kana ƙarami, ina tsakiyar ƙarfina a dillancin dabbobi a kasuwarmu ta Gidan Amumune. Ƙishirwa ta kama ni, in sha ruwan randa in ji kamar ban sha ba. Fitsari kuwa ba a magana. Wandona ya fara zamewa daga ƙuguna alhali ina cin abinci kamar mutum biyu. Innarka ce ta fara lura. Wata safiya ta fito daga makewayi ta ce, "Malam, mi kiyashi ke nema inda ka yi hitsari? Ka tahi likita su duba ka." Na hau ta da faɗa, na ce ba ta da aikin yi sai leƙen bayan miji. A raina na riga na gama shari'a: ƴan uwana dillalai ne suka yi mini sammu don baƙi sun fi sauka a hannuna. Na daina gaisawa da mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Na koma wajen mai maganin nan da ke zuwa ranar kasuwa da lasifika a kan mota, wanda kwalbarsa ɗaya take warkar da basir da shawara da sanyi da ciwon baya. Na sha ɗaci har harshena ya mutu. Damina ta zo ta wuce ina haka, sai da idona ya fara ganin tunkiya ɗaya ta zama biyu sannan na yarda aka kai ni Tasawa.

To ka ji. A ƙauyen da kake ma za su zo maka. Wani zai ce akwai sassaƙen da ya warkar da ƙanin kakarsa, wani zai ce allura ce ma take ƙara ciwon. Ka yi musu godiya, ka ci gaba da allurarka. Wannan ciwo ba baƙo ba ne da za ka kora, zama za ka yi da shi, kuma in ka raina shi ya fi ka iya rashin mutunci.

Da na dawo daga Tasawa da magani da dokokin likita, sai na yi irin abin da kake shirin yi. Na ce wa innarka ta rufe bakinta. Dillali da aka san ba shi da lafiya, wa zai ba shi amanar garkensa? Haka na gaya wa kaina. Ka kuwa san yadda sana'armu take, ba a ciniki da bushewar baki. Baƙo ya sauka, a shimfiɗa tabarma, a hura gawayi, a ɗora buta. Ka tuna Agali, mutumin arewa mai dogon rawani da yake kawo mini raƙuma da awaki, wanda yake ɗaga ka sama kana ihu. Agali in ya dafa shayi ba ya tausayin sukari. Na farko, na biyu, na uku, kowane ya fi na baya zaƙi, kuma da hannunsa yake miƙo maka. Ka ce ba ka sha? Ai ka zage shi ke nan, ka ce hannunsa ba shi da tsarki. Haka na ɗauka. Sai in karɓa in kurɓe, in ce madalla, in tashi daga tabarmarsa in faɗa ta wani baƙon, shi ma in sha nasa. Da yamma in dawo gida kaina yana sara, ƙafafuna suna zugi, innarka ta dube ni ta kawar da kai. Shekaru na yi ina wannan wauta, har ƙwayoyi suka daina riƙe ni aka mai da ni kan allura.

Kai ma abin da ke jiranka ke nan, ko ba ka sani ba? Sabon malami a ƙauye ɗan gatan kowa ne. Za su riƙa kiranka Mushe, yadda ake kiran malamin boko, kwanuka su riƙa shigo maka daga gida gida. Wannan ta dama maka fura ta zuba sukari don ta burge ka, waccan ta aiko kunu, samarin fada, majalisar hirarsu, su ja ka shayi bayan la'asar. Ba mugunta za su yi maka ba, karramawa ce. In ba ka buɗe baki ka faɗa musu ba, da me za ka ƙi? Yau ka ce ka ƙoshi, gobe ka ce cikinka, jibi su ce Mushe girman kai gare shi, ba ya cin abincin talaka. Daga nan sai ka fara karɓa don a zauna lafiya. Na san hanyar nan, ni na share ta.

Amma ba wannan ne abin da ya fi tsorata ni ba. Abin da ya hana ni sukuni tun da ka tafi shi ne ranar da na faɗi a kara, wajen cinikin dabbobi.

Ana gab da Layya ne, kasuwar raguna ta yi zafi. Na yi allurata da safe, kafin innarka ta sauke koko aka aiko cewa baƙina sun iso. Na fice ban sa komai a cikina ba, ina cewa in na je can na ci. Ciniki ya ɗauke ni. Rana ta take, sai na ji gumi mai sanyi yana karyo mini, hannuna yana rawa, igiyar rago ta suɓuce. An ce na fara surutai, na zagi wani dattijo da nake jin kunyarsa, na kai wa wani yaro duka, sannan na zube. Ni ban san an yi ba. Likita ya riga ya gaya mini cewa mai allura in bai ci abinci ba sukarin jininsa yakan faɗi ƙasa warwas, kuma a wannan lokacin sukarin da aka hana shi shi ne maganinsa. Amma wa ya san haka a kara? Ba wanda ya san ina da ciwon ma. Suka taru a kaina. Wani ya ce iska ce ta buge ni, wani ya ce aikin maƙiya ne. Aka kawo garwashi aka yi mini hayaƙi, aka yi tofi, aka danne mini hannu da ƙafa. Mutanen da suke ƙaunata ne fa, Salisu. Ga masu shayi kewaye da ni, ga sukari a kowace tabarma, ni kuma ina mutuwa a tsakiyarsu don rashin loma ɗaya tasa.

Allah ya sa wata mai tallar nono ta san gidanmu. Innarka ta rugo ba mayafin kirki, da sukari a ƙulle a bakin zanenta, tana ture maza tana cewa, "Ku ba ni wuri! Ba iska ba ce, sukari na!" Ta shafa mini a cikin kumatu har na fara motsi, sannan ta ba ni na sha, aka ɗauke ni zuwa likita. Asirin da na yi shekaru ina rufewa, a tsakiyar kasuwa ya tonu, ina kwance cikin kashin awaki da rigata a yage.

Yanzu ka gaya mini, ranar da ka yi allura ka shiga aji ba ka karya ba don ka makara, ka zube a gaban allo, wa zai rugo? Innarka tana Gidan Amumune. Yaran za su watse da ihu, manya su zo da garwashi da hayaƙi, su yi maka duk abin da suka sani na alheri, kai kuma kana tafiya. Daga can zuwa likita tafiya ce ta rairayi, in ma an samu mai moto da esansi a tankinsa. Wannan kake kira zama kamar kowa?

Bari in gaya maka abin da Agali ya yi da ya ji. Ya zo har zauren nan, bai ko zauna ba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Haruna, ashe kai ba aboki ba ne. Shekara nawa kana barina ina ba ka dahi da hannuna, kana ce mani madalla? Mi na yi maka?" Na ce kunyarsa na ji. Ya ce, "Kunyar banza! Da ka hwaɗi, buta biyu ta gagare ni?" Ya juya ya tafi, sai da kasuwa ta zagayo ya sake kula ni. Tun daga lokacin in ya zo, ƙaramar buta yake fara ɗorawa, ya dafa mini nawa ba sukari, mai ɗaci kamar maɗaci, ya tsaya a kaina sai na shanye yana dariya. Kuma ko akuya ɗaya bai janye daga hannuna ba. Mutumin da na kashe jikina don kada in ɓata masa rai, ɓoyewar ce ta ɓata masa rai. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina.

Za ka ce daga nan na yi hankali. Ban yi ba. Na daina ɓoye ciwon, amma ban daina son a ce ni namiji ne ba.

Likita ya sha gaya mini, "Malam Haruna, ƙafarka ta fara mutuwa da ji. Kada ka taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gidanka. Kullum ka duba tafinka." Na ce to. Sai aka yi rasuwar wani mai gari a yammacinmu, muka tafi gaisuwa da bazara, rana tsaka. Ka san al'ada, tun daga nesa ake tuɓe takalmi in za a isa gaban manya. Kowa ya tuɓe, ni ma na tuɓe. Da na tsaya na ce ina da lalura, ba wanda zai ce uffan, don a cikin dattawan nan akwai waɗanda suka san labarina. Amma ina! Haruna ne zai shiga gaban manya da takalmi a ce ba shi da tarbiyya? Rairayin nan ya yi zafin da abokan tafiyata suke ɗage ƙafa suna sauri kamar kaji. Ni kuwa na taka a hankali, ban ji komai ba, har ina jin daɗi. Na ji wani yana cewa, "Kai, Haruna ƙarhe ne." Na durƙusa muka yi addu'a mai tsawo, tafina a kan wutar nan, ina ta kumbura da yabon da aka yi mini.

Da na dawo gida na cire takalmi sai na ga tafin hagu ya tashi ya yi ruwa. Ba ya ciwo, shi ya sa na raina shi. Na ɓoye wa innarka don kada ta ce ta faɗa. Na je wajen wanzami ya fasa, ya barbaɗa gari, na ɗaure da tsumma na ci gaba da zuwa kasuwa. Warin ne ya tona ni. Sauran ka sani, don kai ka riƙe kaina a cikin mota daga Tasawa zuwa Maradi, kai ka sa hannu a takardar da aka ce a sa, ka fita waje ka yi kuka kana tsammanin ban ji ka ba. Na ji ka. Shi ya sa abin da kake yi yanzu ya fi ƙona mini rai, don ba labari aka ba ka ba.

Kana ganina kullum, amma ban taɓa gaya maka yadda zaman yake ba, don uba ba ya kai ƙara wajen ɗansa. Yau zan faɗa. Ranar kasuwa ina jin kukan raguna daga zaure, ina gane muryar dillalan da na koya wa sana'a, ba ni da ikon zuwa. Ina salla a zaune, goshina yana marmarin ƙasa. In zan kewaya sai na yi dabara kamar mai shirin tafiya Makka. Ƙafar da babu ita tana yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa iska. Gonarmu ta gero sai dai a ba ni labarin yadda ta yi. A biki a ajiye mini kwanona daban, mutane suna ci suna satar kallona. Innarka ta tsufa kafin lokacinta saboda ni, ita ce mai dafa mini nawa daban, ita ce mai duba mini ɗaya ƙafar da madubi, kuma akwai abubuwan da ke tsakanin miji da mata da ciwon nan ya ɗauke, waɗanda ba zan rubuta wa ɗana ba. Ba ciwon ne kaɗai ya yi mini wannan ba. Akwai masu irinsa a garin nan da suke noma, suke hawa moto, suke aurar da ƴaƴansu a tsaye, don sun bi doka kuma ba su ji kunyar kowa ba.

Na san abin da kake tsoro. Kana tsoron a ce sabon Mushe majinyaci ne, a raina ka, ko magana ta kai sama a ce ba ka iya aikin daji. Kana kuma tsoron maganar ta kai gidan su Zainabu kafin a sa rana. Kada ka yi mamaki, gurgu ne ni ba kurma ba. To ita ma ka gaya mata, da bakinka, tun yanzu. In ta tsaya, ka samu irin innarka. In ta gudu, ka gode Allah da ta gudu tun kana tsaye. Aikin kuma, in har akwai mai karɓe shi don kana allura, ya karɓe, ka dawo mu ci abin da ya samu. Ban kai ka lakwal ka yi boko don a kawo mini kai a kan amalanke ba.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka je wajen daraktan lakwal ɗinku ka zauna ka gaya masa. Ka gaya wa mai gidan da ya sauke ka, a gaban matarsa, don ita ce mai tukunya. Ka ce musu furarka ba sukari, tuwo kaɗan miya da ganye da yawa, kuma abincinka ba ya jiran kowa. Ka faɗa musu a fili cewa in suka ga kana gumi kana rawa kana maganar da ba kai, ba iska ba ce, su ba ka sukarin da ke aljihunka. In ba ka iya haɗiya kada su ɗura maka ruwa, su shafa maka a kumatu su nemi moto. Manyan ɗalibanka ma su sani. Za su yi dariya su ce Mushe an hana shi sukari amma yana yawo da shi a aljihu. Su yi ta yi, dariya ba ta yanke ƙafa. Maganin allurarka, tun da ba firigo mai sanyaya shi, ka sa shi a ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa yadda likita ya nuna mana, kada ka tura shi ƙarƙashin katifa don kada a gani. In azumi ya matso ka je ka tambayi likita, ka tambayi malami, ka bi abin da suka ce, ba abin da samarin fada za su ce ba.

Mai moton da zai kawo maka takardar nan zai ba ka ƙunshi. Takalmi ne rufaffe, innarka ta sa aka sayo a Tasawa. Ba shi da kyau, na gani, ka sa shi haka nan.

Kafin watan nan ya mutu ina so daraktanku ya kira ni a waya, in ji daga bakinsa cewa ya sani. Ba daga bakinka ba, don na ga yadda ka iya cewa lafiya lau, a wajena ka gada. In wata ya mutu ban ji shi ba, wallahi zan sa a ɗaure ni a bayan kabu-kabu da sandunana, in keta rairayin nan ko zai kashe ni. Zan zauna a ƙofar ajinka, in kwance ƙafar wandona a gaban ɗalibanka da iyayensu, in ce ni ne uban Mushe, ga abin da yake ɓoye muku, ga kuma inda ɓoyewar take kai mutum. Ka san zan aikata. Kunyar da nake da ita an yanke ta tare da ƙafar a Maradi.

Ka ji haushina in ka ga dama. Na fi son ka yi shekara ba ka yi mini magana ba kana raye.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare cinka da shanka da inda kake takawa. Allah ya sa mutanen garin nan su riƙe ka amana, ya ba ka bakin gaya musu gaskiya. Allah ya maido mini da kai lokacin hutu kana tafiya da ƙafafunka biyu. In ka iso zaure ka shigo ka gaishe ni da takalminka a ƙafa, na yafe maka tuɓewa har abada.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna